Labarin Ƙasar Wanki

A cikin shekara ta 1662 Majalisar Ingila ta kafa wata doka wadda duk wanda ya ji ta yau sai ya riƙe baki. Dokar ta ce wanda aka kama ya ɗora wata irin laka a jirgin ruwa zai kai ta wata ƙasa, laifinsa ya shiga cikin manyan laifuffukan nan da hukuncinsu kisa ne. Lakar kuwa ba ta da wani kyaun gani. Toka-toka ce, wani lokaci da ɗan kore-kore ko ruwan ƙasa, in an murza ta a hannu sai a ji santsi kamar sabulu. Mai ginin tukwane ba shi da abin yi da ita, gama ba ta da danƙo, in an jefa ɓarinta cikin ruwa sai ta ruguje ta zama gari. Ingilishi suna kiranta ƙasar masu wankin ulu. Da ya ke ba ta da suna sananne da Hausa, a cikin wannan labari an kira ta ƙasar wanki.

Asirinta duka ɗaya ne, watau shan maiƙo. In mai ya zuba a tufa aka barbaɗa garinta a wurin, aka bar shi ya kwana, da safe sai a kakkaɓe, a tarar ta zuƙe man. Mutanen da sun san haka ta ke yi, amma ba su san dalili ba, sai a cikin ƙarni na 20 da masana suka sami na'urorin leƙa cikin ƙwayar ƙasa. Suka tarar ko wace ƙwaya tata shafi-shafi ce, kamar takardun littafi, ga shafukan da tsananin sirantaka har ido ba ya iya ganinsu. Ruwa da maiƙo da launi da dafi su kan manne a jikin shafukan nan, waɗansu su kutsa tsakaninsu su maƙale. An lissafta cewa da za a iya ɓamɓare shafukan da ke cikin cokalin shayi guda na mafi kyaunta a shimfiɗa su, da sun kusa rufe eka ɗaya. Mafi yawanta asalinta tokar dutse mai aman wuta ce, wadda ta zuba cikin teku ko tafki tun kafin a halicci ɗan Adam, ta jiƙe ta rikiɗe a hankali.

Iri-iri ce. Akwai wadda ke kumbura ƙwarai in ta sha ruwa, har ta ninka girmanta sau da yawa, akwai kuma wadda ba ta cika kumbura ba, ita ce ta Ingila. Wanda ya san baƙar lakar ƙasar Barno ta wajen Tafkin Chadi, inda a ke dasa masakwa, ya riga ya ga danginta: da damina ta kumbure ta riƙe ruwa, da rani ta tsage har ƙafar jaki ta shige. Amma kada a haɗa ta da farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, wadda a ke shafe ɗaki da ita. Wannan wani jinsi ne dabam, shan maiƙonta kaɗan ne.

To, me ya haɗa laka da tufafi? Sai an fara da tumaki. Tumakin ƙasar Hausa, su uda da balami, gashinsu gajere ne, ba a saƙa da shi. Na ƙasashen sanyi kuwa suna da ulu mai yawa, ana sausaye shi ko wace shekara, a kaɗa zare, a saƙa. Da irinsa a ke yin mulufi, da yadin alkyabbar sarakuna, da barguna masu nauyi. Ulu yana fitowa daga jikin tunkiya da maiƙo mai kauri, sa'an nan masu kaɗi su kan ƙara shafa masa mai don ya yi laushi a hannu. Saboda haka in ƙyalle ya sauko daga masaƙa sai a gan shi sako-sako, ga wari, ga danƙo, in an kai shi marina ba ya kama baba sosai. Tilas sai an raba shi da maiƙon nan, an kuma tattake shi cikin ruwa har zaren ya cuɗe da juna, saƙar ta haɗe ta yi kauri, ta yadda iska ba ta ratsa ta. Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, tsohuwa ƙwarai. Larabawa suna ce wa mai yin ta ƙassar, shi ya sa a ke jin sunan Ibnul Ƙassar, babban malamin nan na Malikiyya a Bagadaza. Waɗansu malaman tafsiri ma sun ce Hawariyawan Annabi Isa, alaihissalamu, sun sami sunansu ne don sana'arsu ta faranta tufafi.

Yunanawa suna samo tasu ƙasar wankin daga wani ɗan tsibiri mai suna Kimolos, har wani mai tsara wasan kwaikwayo a birnin Atina ya ambace ta a shekara ta 405 kafin haihuwar Annabi Isa. Amma Rumawa su ne suka bar labari mafi cika. Babban mutum a Rum mayafinsa na farin ulu ne, faffaɗa, ba ya wankuwa a gida, sai a kai wa masu wanki. Wani malaminsu, Filini Babba, ya rubuta irin ƙasashen da a ke wanki da su, da yadda a ke jera aikin. Ya ce a kan fara da ta tsibirin Sardiniya, ita ce mai araha, farin tufa kaɗai ta ke yi wa amfani. Sa'an nan a turara tufar da farar wuta, daga baya a goge ta da ta Kimolos, wadda ke tayar da launin rini na gaskiya, farar wutar kuwa ita ke tona asirin na jabu. Ya ambaci wata kuma da ke ƙara girma in an jiƙa ta, ya ce ita da nauyi a ke sayar da ita, ta Sardiniya kuwa da mudu. Har doka Rumawa suka yi wa masu wankin, wajen shekara 220 kafin haihuwar Annabi Isa, don a tsare jama'a daga algus.

Shi Filini ya mutu a shekara ta 79, sa'ad da dutsen Besubiyas ya yi aman wuta ya binne garin Pompeii da toka. Da aka tone garin bayan ƙarnuka masu yawa sai aka tarar da gidajen wanki yadda masu su suka gudu suka bar su, da kwamin ruwa, da ƙananan gurabe inda ma'aikaci ke tsayawa ya dafa ɗan bango dama da hagu yana tattaka tufa. A jikin bangon wani gida an zana su suna aikin, waɗansunsu da gani yara ne. Abin da su ke tsayawa a ciki ba ruwa da laka kaɗai ba ne. Akwai tsohon fitsari, gama in ya kwana biyu ya kan yi kaifi irin na ruwan toka, ya narkar da maiƙo, lakar kuma ta kwashe. Fitsarin ya zama haja har Sarki Basbasiyan, wanda ya yi mulki daga shekara ta 69 zuwa ta 79, ya sa masa haraji. An ce ɗansa Titus ya nuna ƙyama, uban ya miƙa masa kuɗin ya tambaye shi ko yana jin wari. Masu tarihi sun cika son wannan labari don abin dariya ne, amma ba su cika tsayawa kan ƙafafun bayin da suka wuni cikin ruwan nan ba, shekara da shekaru, don manyan gari su fita fes.

Wanke jiki da laka kuwa bai taɓa yankewa ba a ƙasashen Musulmi. A Maroko akwai wani dutse a kwarin kogin Muluya inda a ke haƙar wadda su ke kira gasul, sunan daga kalmar Larabci ta wanki ya fito, mata suna wanke gashi da fuska da ita a gidajen wanka. A ƙasar Hindu da Pakistan ana kiranta da sunan birnin Multan. Tun daga shekara ta 1994 an sha shafe farin dutsen Taj Mahal da ita, a bar ta ta bushe, a wanke, ta tafi da dattin da hayaƙi ya bari.

A Ingila ne labarin ya yi zafi. A zamanin da, arzikin ƙasar nan duka a bayan tunkiya ya ke. Har yau shugaban zaman Majalisar Dattawansu bisa wata katifa cike da ulu ya ke zama, don tunawa da haka. Da fari ɗanyen ulun su ke sayarwa, mutanen Falandas da Italiya su saƙa, su rina, su ci riba mai yawa. Daga zamanin Sarki Edward na Uku, a ƙarni na 14, sarakunan Ingila suka dage sai an yi saƙar a gida, suka jawo masaƙa daga ƙetare, suka tsananta haraji bisa ulun da ke fita. Allah kuwa ya ba su ƙasar wanki mai kyau a wurare kaɗan: a Nutfield da Redhill kudu da London, a wajen Maidstone, a Woburn, da kuma tuddan da ke kusa da garin Bath. Daga ramukan nan a ke ɗaukar ta a bayan dawaki da cikin jiragen ruwa zuwa garuruwan masaƙa.

Yawan masu sana'ar ya bar shaida a sunayen mutane. Baturen da a ke kira Fuller, kakansa mai wankin ulu ne daga kudu maso gabas. Walker, watau mai tattaki, shi ne sunan mai wannan aiki a arewa, Tucker kuma a kudu maso yamma. Kamar dai a ce wa mutum ɗan Marina ko ɗan Majema.

Tun kafin shekara ta 1200 aka fara sauke wa ƙafa wannan wahala. A cikin wani lissafin dukiya da aka rubuta a shekara ta 1185 an ambaci injin wanki guda biyu a Ingila. Ruwan rafi ke juya wata babbar ƙafa ta katako, ita kuma ta riƙa ɗaga manyan guduma biyu tana saki bisa ƙyallen da ke cikin kwami, an zuba masa ruwa da ƙasar wanki. Wanda ya taɓa wucewa ta rumfar masu bugu a Kano ko Kura ya ji irin amon, sai dai wannan ba ya gajiya, dare da rana. Ƙyalle ya kan fito ya tsuke ƙwarai, sai a ɗaure shi bisa katakai masu ƙugiyoyi ya bushe a miƙe, a taje shi da wata ƙaya, a daidaita gashin da almakashi. Injin nan ya janye sana'ar daga birane zuwa ƙauyukan da ke da rafuffuka masu gudu. Masu ƙasa, har da gidajen limaman Kirista, su ne suka gina injunan, da yawansu kuma suka tilasta wa talakawansu kawo ƙyalle a wanke a biya. Mutanen St Albans sun daɗe suna rigima da shugaban limamansu a kan wannan.

To, a ƙarni na 17 Ingila ta sami abokan gasa masu ƙarfi, su ne Holanda da Faransa. Fatake da masaƙan Ingila suka tabbata a ransu cewa abu biyu ke sa yadinsu ya fi na kowa, ulunsu da ƙasar wankinsu, in an hana baƙi su biyun sana'ar baƙin za ta mutu. A shekara ta 1660, da Sarki Charles na Biyu ya hau gadon sarauta, aka kafa dokar hana fitar da ulu da ƙasar wanki, wanda ya karya a ƙwace kayan a ci shi tara. Ba ta tsorata kowa ba, shi ne bayan shekara biyu aka ƙara mata hukuncin kisa. Har farar lakar da a ke gina lofe da ita aka hana fitarwa, don kada wani ya ɗora ƙasar wanki ya ce ta lofe ce.

Dokar ba ta yi abin da aka so ba. Abin da aka hana fitarwa kuɗinsa ya kan faɗi a gida ya tashi a waje, ribar fasa-ƙwauri ta ƙaru. A fadamun Romney, inda ƙetaren teku zuwa Faransa bai fi tafiyar dare guda ba, ƙauyuka sukutum suka koma safarar dare. Maƙwabci kuwa ba ya son ya ba da shaidar da za ta sa a rataye maƙwabcinsa saboda buhun ulu ko kwandon laka. A shekara ta 1696 Majalisa da kanta ta yarda tsananin hukuncin ne ya hana a gurfanar da masu laifin, ta soke kisan, ta bar tara. Wanda ya ci ribar dokar shi ne attajiri mai sayen ulu da araha, makiyayi da mai haƙar rami su suka biya. Wani malamin tattalin arziki, Adam Smith, ya faɗi haka ƙarara a littafinsa na shekara ta 1776. Masaƙan Holanda da Faransa kuma ba su daina aiki ba ko na rana ɗaya, gama ashe Allah bai keɓe wa Ingila wannan laka ba. Sunan da masana ke kiran ainihin ma'adinin da shi ma daga wani garin Faransa aka ɗauko shi, Montmorillon, a shekara ta 1847.

Abin da ya kashe tsohuwar sana'ar sabulu ne. Da aka gano yadda a ke yin kanwar masana'anta daga gishiri, sa'an nan Ingila ta soke harajin sabulu a shekara ta 1853, sai masu wankin ulu suka riƙa juya wa laka baya. Da ta wanki kaɗai ce, da labarinta ya ƙare nan.

Sai ga mai. A Amirka ana noman auduga mai yawa, angurya ta yi tsibi ba a san abin yi da ita ba. In an matse ta man ya kan fito ja wur, kusan baƙi, ba mai son ci. Wajen shekara ta 1880 aka gane in an dama ƙasar wanki cikin mai mai zafi aka tace, sai launin ya bi lakar, man ya fito garau. Masu tace man fetur, wanda aka fara haƙa a Pensilbaniya a shekara ta 1859, su ma suka kama yi da ita. Da fari daga Ingila a ke kai musu, sai a shekara ta 1893 waɗansu masu neman yumɓun bulo a garin Quincy na jihar Florida suka tarar nasu yumɓun ba ya yin bulo, da aka duba ashe ƙasar wanki ce. Mai kumburin nan kuwa a jihar Wyoming aka same ta, aka sa mata suna bentonait a shekara ta 1898. Jamusawa kuma a farkon ƙarni na 20 suka gano in an dafa lakar da ruwan asid ƙarfin shanta ya kan ninka.

Yau duk man gyaɗa ko na waken soya ko na kwakwar manja da aka tace a babbar masana'anta ya fito fari tas, da wuya bai ratsa ta cikin lakar nan ba. A kan ɗumama man ya kai kamar zafin tafasasshen ruwa, a zuba laka wajen kashi 1 ko 2 cikin 100, a yi ta juyawa kamar rabin sa'a, a tace. Dusar da ta rage tana riƙe da mai da yawa, in an tara ta a rana ta kan kama wuta da kanta, shi ya sa masu masana'anta ke tsoronta. Masu haƙar rijiyar man fetur da ta burtsatse kuwa mai kumburin su ke damawa su tura cikin rami, ta sanyaya bakin ƙarfe, ta ɗauko ɓarɓashin dutse, ta kuma yaɓe bangon ramin kada ya rufta. A shekara ta 1937 wani Bafaranshe, Eugène Houdry, ya kafa matata a Amirka inda laka ke taimakawa a fasa mai mai nauyi ya zama fetur mai ƙarfi, irin wanda jiragen sama suka sha a Yaƙin Duniya na Biyu. Sojoji kuma su kan riƙe garinta don goge gubar yaƙi daga fata, likitoci ma sun yi ta ɗura ta ga wanda ya sha maganin kashe ciyawa mai suna farakwat, don ta kame dafin tun yana ciki.

Akwai wani amfani da ya shafi manomin gyaɗa kai tsaye. A shekara ta 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce daga Birazil. A cikinta akwai dafin wata fumfuna da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba, aka sa masa suna afalatoksin. Yana lalata hanta, yana kawo ciwon daji, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Daga nan ƙasashen Turai suka tsananta binciken gyaɗar da a ke kai musu, abin ya taɓa cinikin Afirka ta Yamma ƙwarai. Masana a jihar Texas suka gano wata irin ƙasar wanki na kame dafin nan cikin hanji ta fita da shi, aka riƙa zuba ta kaɗan cikin abincin kaji da shanu. An gwada ta ga mutane ma a ƙasar Ejura ta Gana, wata uku suna haɗiyar ta, sakamakon da aka buga a shekara ta 2008 ya nuna dafin ya ragu a jininsu da fitsarinsu. Wannan tatacciya ce, an auna ta an tabbatar ba ta da guba. Wadda mata masu ciki ke saye a kasuwa su ci ba haka ta ke ba, tana iya zuwa da dalma da ƙwan tsutsar ciki, tana kuma hana jiki cin moriyar sinadarin da ke gina jini.

A Nijeriya an sami bentonait a wurare da dama, har da Barno da Yobe, amma galibi mara kumburin ce, sai an gyara ta da kanwar masana'anta kafin ta yi aikin rijiya, saboda haka masu haƙar mai suka daɗe suna sayowa daga waje. Senegal kuwa tana haƙar wata danginta a wajen garin Thiès tana aikawa Turai.

Abin da Turawa ke yi da ta Senegal ɗin shi ne mafi ban mamaki. A shekara ta 1947 wani saurayi a jihar Michigan, Edward Lowe, wanda ubansa ke sayar da laka ga masana'antu don share mai daga daɓe, ya ba wata maƙwabciyarsa buhu guda ta zuba wa kyanwarta maimakon toka. Ta dawo neman ƙari, gama lakar ta shanye fitsarin da warin. Ya zuba a ƙananan jakunkuna ya shiga talla, ya mutu yana cikin manyan attajirai. Yau kaso mai yawa na lakar nan da a ke haƙa a duniya ƙarƙashin kyanwowin gida ya ke ƙarewa.

Ramukan Ingila kuwa sun rufe ɗaya bayan ɗaya, na wajen Bath tun kusan shekara ta 1980, na Redhill kafin shekara ta 2000, sa'an nan na Woburn. Na ƙarshe, a wani ƙauye mai suna Baulking, ya tsaya a shekara ta 2005. Tun daga ran nan ƙasar wankin da Ingilishi ke bukata a jirgin ruwa a ke kawo musu ita daga ƙetare.